Dutsen Washin Sarkin Aska

Ni na kai Dawuda wanzami gidan yari a kan dutsen da bai ɗauka ba.

Sunana Kabo. Bin sawu na gada wurin ubana. A ƙasar Kusada da Kankiya, zamanin Nasara, in saniya ta ɓace ko an fasa rumbu, ni ake aiko wa. Shekara ashirin ban taɓa nuna mutum aka ce ba shi ba ne. Na san haka, mutane ma sun sani. Abin da ya ci ni ke nan.

Shekara biyu bayan fara ta cinye gero, ƙarshen damina, da hantsi, dagaci ya aiko mini. An sace dutsen washin Babba, Sarkin Aska.

Wanda bai san wanzanci ba zai ce dutse ne kawai. Kakan kakan Babba ya saye shi hannun fataken da ke ƙetaro hamada. Da shi ake wasa askar suna da askar shayi, ba a ɗora masa wata. A gidan nan, wanda aka miƙa wa dutsen shi aka miƙa wa sarautar, da gidajen da ake yi wa aski, da damman da suke bayarwa da kaka. Babba ya tsufa, idonsa ya fara hazo. Ya ce da kakar nan zai miƙa. Garin duka an san wa zai ba: Dawuda, ɗan ƙanwarsa, wanda ya riƙa tun yana maraya. Ɗan cikinsa, Ma'aruf, hannunsa bai faɗa ba. In ya aske ka, sai ka kwana biyu hula na yi maka zafi.

* * *

Na tarar da ƙofar gidan cike da mutane, kowa da ɓarawonsa a baki. Na kore su baya. An yi yayyafi kafin asuba, ƙasa ta yi laushi, ba na son a tattake mini ita.

Babba na zaune a zaure, hannunsa cikin alkukin bango inda dutsen ke kwana.

"Sarki, yaushe rabonka da shi?"

"Jiya bayan la'asar. Na wanke shi, na sa shi kube, na aje."

"Wa ke shiga zauren nan?"

"Duk mai kai."

"Wa ya san inda yake kwana?"

"Ni, da Dawuda, da Ma'aruf, da uwar Ma'aruf, Tani. Sai wani Bafillace, Bube, da na yi ma ƙaho jiya. Ya ga na aje. Har ya ce in sayar mashi ya wasa adda."

"Yaya kamarsa, dutsen?"

"Bai kai taƙi ba. Launin hanta. Da wata farar jijiya ta ratsa shi kamar zare. Cikinsa ya yi kwarmi, hannun mutum biyar ne ya cinye shi. Bayansa kau sumul yake, ba a taɓa ɗora mashi ƙarfe ba."

Mutanen waje da jin Bafillace sai suka gama shari'a. Na tafi rugar Buben da dogari ɗaya, don a rufe bakinsu. Na sami Bube kwance rub da ciki, shaidar ƙaho shida a gadon bayansa. A jaki aka kai shi gari, a jaki aka mai da shi.

"Kaɗo, dutse kake biɗa?" in ji shi. "Ga su nan cike da daji, ɗebi. Ka ɗauko mani ɗaya in ɗora kai."

Muka zazzage bukkar. Babu. Ban yi mamaki ba, don tun kafin in fito na riga na zaɓi sawun da zan bi.

Sawu biyu suka taka zauren da jiƙaƙƙiyar ƙafa. Ɗaya daga cikin gida ya fito ya koma ciki. Na ce sawun ɗan gida a gidansu ba sawu ba ne, na tsallake shi. Ɗayan daga waje ya shigo, ya nufi bangon alkuki, ya fita. Ƙafar dama tana buɗewa waje, tabon kurkunu ya ja ta. Yaro ma ya san tafiyar Dawuda.

Na bi shi ta bayan gari, hanyar Kunduru. Ya yi sauri. Da ya kai wata marabar hanya, sai ya bar turɓaya ya hau fa, ya bi kan dutse inda ƙafa ba ta barin komai. Mutum ba ya yin haka sai yana ɓoye inda za shi. Na zauna gindin wata kanya na jira. Kusan azahar sai ga shi, zabirarsa a kafaɗa.

"Daga ina?"

"Daga aiki, Mai-sawu."

"Gidan wa?"

"Wanzami bai faɗin gidan da ya shiga da asuba."

"Mi ya kai ka zauren kawunka kafin a kira salla?"

"Zabirata. Can take kwana, da tawa da ta Ma'aruf. Kowa ya sani."

"Mi ya sa ka hau fa?"

Ya sauke zabirar ya ajiye a gabana.

Na zazzage zabirar. Askake, ƙaho, hantsaki. Da wani ƙyalle jiƙaƙƙe, da ƙullin garin bagaruwa irin wanda ake barbaɗa wa mai shayi. Ba lokacin shayi ba ne. Na gani, ban tambaya ba. Dutse nake nema.

* * *

Dagaci mutum ne mai sanyi. Da na kawo masa Dawuda, ya ja ni gefe.

"Kabo, mutum ya saci abin da za a ba shi da kaka?"

"Ranka ya daɗe, ni ƙasa nake tambaya, ba zuciya ba."

Tani ta biyo mu, tana bayan ƙofar zaure tana ji. Ta ɗaga murya.

"Wa ya ce za a ba shi? Mai ɗa a gida ya ba ɗan ƙanwa? Ya ji maigidana zai sake shawara ne, ya riga mu."

Mutane suka karɓa. Da ma dalili suke jira.

A gaban alƙali na faɗi abin da na gani: ya shiga, ya nufi alkuki, ya fita, ya ɓoye sawu. Duk gaskiya ne. Alƙali ya ce ya faɗi inda ya je, a aika a tambaya, ya tafi gida. Sau uku ana tambayarsa. Babba ya miƙe da sandarsa.

"Dawuda, faɗi inda ka je, in sami abin da zan ce."

"Kawu, kai ka koya mani kada in faɗi."

Babba ya kau da fuska. Ya zaci gatse ne. Aka yi wa Dawuda bulala a bainar jama'a, aka yanke masa shekara ɗaya. Da za a tafi da shi Katsina ya bi ta gabana da igiya a ƙugu. Bai dube ni ba. Mutane suka raka ni gida suna cewa ƙasa ba ta yi wa Kabo ƙarya.

Gidajen aski duka suka koma hannun Ma'aruf, tun da babu wani. Bayan wata biyu na zauna ya aske ni. Hannun na nan da rawarsa, amma askar ba ta ja gashi, bi kawai take yi.

"Ma'aruf, sabon hannu ka yi?"

"Allah ne, Mai-sawu."

Na yi dariya, na sa hulata, na tafi.

* * *

Wata biyar da ɗaure Dawuda, ina sassabe a gona, wani magidanci daga wajen Kunduru ya zo ya tsuguna. Ba zan faɗi sunansa ba, jikokinsa na raye. Ya daɗe yana tonon ƙasa da tsinke.

"Wurina ya zo ranar," in ji shi.

"Wa?"

"Wanzamin da ka kama."

Ya ba ni labari kansa a ƙasa. Yana ɗan shekara huɗu mahara suka ɗauke shi, aka sayar. Inda ya tashi bawa ne, ba wanda ya damu a yi masa shayi. Da Nasara suka zo ya sami kansa, ya yi gona, ya yi suna, yana sahun gaba a masallaci. Shekara arba'in yana ɓoye abin. Sai ga shi zai auri bazawara, wadda ta san maza. Ya sami Dawuda a asirce. Dawuda ya ce ya jira shi a bukkar gona da asuba, ba wanda zai ji.

"Shi ya ce zai bi ta kan fa don kada a gane. Wata biyar ban yi barcin kirki ba, Mai-sawu."

"Tashi mu je wurin alƙali."

Ya kama ƙafata.

"In ka faɗi, rijiya zan faɗa. Shi ya sha bulala bai faɗi ba. Kai za ka faɗi?"

Na tsaya da gatari a hannu. Garin bagaruwar nan ya dawo mini. Na ce ya tashi ya tafi.

Ba ni da abin kai wa alƙali. Ba suna, ba shaida. Na koma zauren Babba don in duba ɗaya sawun. Wata biyar, an share, an sake daɓe. Abin da ya rage shi ne dutsen. Na ce ɓarawo ba zai iya nuna shi a Kusada ba. Ko ba daɗe ko ba jima, zai fita ta hannun 'yan gwanjo.

* * *

Na shiga bin kasuwa. Kankiya, Yashe, Kafinsoli, Kunduru, in koma Kankiya. Ba layin shanu ba, inda aka san ni. Layin tsofaffin kaya, inda ake baza tabarma da kwaɗon da ba makulli, da fitilar da ba gilashi, da kwalabe, da askaken wanzaman da suka mutu.

A da, duk dutse dutse ne a wurina. A nan na koya. Akwai na rafi, fari-fari mai tsakuwa, na mahauta ne, in ka ɗora masa aska ya cinye bakinta. Akwai na kanti, toka-toka mai fuska biyu, shi sai da mai. Akwai tsofaffin na hamada, su ne ba a cika gani ba. Suna da nauyi fiye da girmansu. In ka goga farce ba ka jin komai. In ka sa harshe suna da sanyi, ba su kama shi. In ka tofa yawu ka goga ƙarfe, sai su fid da wani farin ruwa kamar tsala.

'Yan kasuwa suka sa mini suna, Kabo mai lasar duwatsu. Ni da in na shigo kasuwa ɓarayi ke fita ta ɗaya ƙofar. Ban kula su ba.

Sau ɗaya a Yashe na sami mai launin hanta. Na kai wa Babba da gudu. Lokacin idon ya kusa rufewa. Ya shafa shi da babban yatsa sau ɗaya, ya miƙo mini.

"Wannan na wani ne. Allah ya ji ƙan mai shi, ya iya washi."

Dawuda ya cika shekararsa yana fasa dutse a aikin hanyar mota. Da aka sake shi bai dawo Kusada ba. Wa zai miƙa wuyansa ga askar ɓarawo? Ya aika wa matarsa Sa'a ta kwashe kayansu ta same shi a Kafinsoli. Ran kasuwa yana zama gindin tsamiya, yana aske baƙi da fatake waɗanda ba su san shi ba. Na hango shi sau da yawa. Kullum ta ɗaya gefen nake bi.

* * *

Farkon damina ta biyu, ran kasuwar Kankiya, hadari ya taso. Iska ta fara ɗaga tabarmi, kowa na danne kayansa. Ina tsaye wurin wani ɗan gwanjo, Gajere, wanda ya fi kowa tsawo a kasuwar. Ya sa ƙafa ya turo wani dutse ya danne kusurwar tabarmarsa.

Na tsuguna. Laka ta rufe shi. Na tofa yawu na goge da bakin riga. Hanta. Na ƙara gogewa. Farar jijiya, siririya kamar zare.

"Mai lasa ya iso," in ji Gajere. "Wannan ba na sayarwa ba ne, shi ke riƙe mani tabarma. In za ka lasa, lasa nan ka aje."

"Ina ka same shi?"

"Kai da gaisuwa ba ku shiri, ko?"

"Gajere."

Ya dubi fuskata ya bar wasa.

"Wata tsohuwa ta ba ni a kasuwar Yashe, wata uku ke nan. Naɗe cikin tsumma. Ko gishiri ba ta karɓa ba. Ta ce in tafi da shi nesa, kada in baza shi wajen Kusada."

"Yaya take?"

"Tsohuwa dai. Ta ja lulluɓi. Sai dai murya, kamar ana fasa itace."

Tsohuwa ɗaya na sani mai wannan murya.

"Ka wasa wani abu da shi?"

"Ni da ko gemu ban da shi?"

Na juya dutsen, na goge bayansa. Babba ya ce sumul yake, ba a taɓa ɗora masa ƙarfe ba. Yanzu ga wata hanya a kai, mai sheƙi, marar zurfi. Ba aikin wuƙa ba ne, wuƙa tana barin zane. Aska ce, kuma aikin watanni ne. Wanda ya ɗauke shi bai sayar ba. Ya ajiye yana washi da shi, lokacin da Dawuda ke fasa dutse a hanya.

Ruwa ya sauko. Na zauna cikinsa ina juya dutsen. Kwarmin ciki, na kakanni, ya karkata gefe ɗaya. Hanyar baya ta karkata ɗaya gefen. Na juya shi kai ya koma ƙasa, karkatar ba ta sauya ba. Sawu ne, irin wanda na sani. Na ba Gajere wani dutsen rafi ya danne tabarmarsa.

A gida na ɗauki wuƙata da wani dutse. Na wasa da dama, na duba. Na wasa da hagu, na duba. Sau bakwai na yi. Bahago ne ya yi hanyar baya.

Sai dai babu bahagon wanzami a ƙasar nan. Ba a ɗora wa mutum hagu a ka. Kwana uku ina kallon wanzaman Kusada da na ƙauyukan kewaye, yadda suke aski, yadda suke karɓar goro. Duk dama.

* * *

Na sami Tani tana tankaɗe a tsakar gida. Na tsaya daga bakin ƙofa.

"Inna, kina zuwa kasuwar Yashe?"

"Da ƙafar wa?"

"Wani ɗan gwanjo ya ce wata tsohuwa ta ba shi dutse."

"Ni mi na sani da dutse, in ba na niƙa ba?"

"Ban ce ke ba ce."

Rariyar ta tsaya a hannunta. Ta ci gaba da tankaɗe.

"Kabo, ka riga ka kama ɓarawonka. Garin nan duka sun yaba maka. Mi kake biɗa kuma?"

Na fito ina cewa ita ce. Ta ƙi jinin Dawuda, ta san alkukin, sawun kuma daga cikin gida ya fito. Har na kama hanyar gidan dagaci. Sai na tsaya. Tani ba ta wasa aska. Na taɓa yin sauri sau ɗaya.

Na ce wa dagaci ya tara mini mutanen gidan a zauren Babba ran Juma'a da hantsi. Na ce ban san wanda zan nuna ba. Ya dube ni. Bai taɓa jin haka daga bakina ba.

* * *

Babba na kan buzunsa, ya rame. Ma'aruf na gefensa. Dagaci da liman na kan tabarma. Gajere ya sunkuyo ya shigo, kansa na taɓa azara. Tani na bayan ƙofa. Waje kuwa gari ne duka.

Na kwance tsumma na sa dutsen a hannun Babba. Yatsansa ya bi kwarmin. 

"Shi ne. Ina ka same shi?"

Gajere ya faɗi nasa. Daga bayan ƙofa Tani ta ce ƙarya yake, dogon banza. Gajere ya nuna ƙofar da haɓa.

"Ga itacen nan ana fasawa."

Waje aka ɗauki hayaniya. Dagaci ya tsawatar. Na ce a kawo ruwa da aska. Na ba Ma'aruf ya wasa. Ya riƙe dutsen a hagu, aska a dama, ya wasa. Askar ta bi kwarmin kakanninsa, tana ɗan tuntuɓe. Ba abin da ya nuna. Na karɓe.

"Sarki, ka ce bayansa sumul yake."

"Haka yake."

"Shafa."

Ya juya shi. Yatsan ya hau hanyar, ya bi ta har ƙarshe, ya dawo. Ya sake bi. Ya daɗe. Abin da na kwana ina gwadawa da wuƙa, shi da yatsa ɗaya ya karanta.

"Wannan hagu ce," in ji shi.

"Na sani. Amma ban san bahagon wanzami ba."

"Ni na sani."

Babba ya miƙa hannu gefen da ɗansa ke zaune.

"Ma'aruf. Miƙo mani hannun da na ɗaure."

Ma'aruf bai motsa ba. Tani ta fashe da kuka a bayan ƙofa.

"Yana shekara biyar na ga yana ɗaukar aska da hagu," in ji Babba, fuskarsa a bango. "Na ɗaure hannun a bayansa da tsumma, damina biyu. In ya kwance in buge shi. Na ce ɗan Sarkin Aska bai ɗora ma mutane hagu a ka. Na zaci na kashe ta."

Ma'aruf ya miƙa hannun hagu. Uban ya kama, ya laluba cikin yatsun. Ga kanta nan, inda ƙotar aska ke zama.

"Baba, ba sata na yi niyya ba," in ji Ma'aruf. "Za ka ba Dawuda da kaka, na sani, ya cancanta. Na ce kafin nan in ɗora askata a kai sau ɗaya, da hannun da nake ji. In ji ko ni ne ban iya ba, ko hannun ne. Na ɗauka da asuba. Ban taɓa cikin ba, kada in ɓata maka kwarmi, shi ya sa na juya baya. Na ce in gari ya waye in mai da."

"Mi ya hana ka?" in ji dagaci.

Ma'aruf ya ɗago ya dube ni.

"Baba ya riga ni zuwa alkukin. Mutane suka cika ƙofa. Na ce in an watse da dare in mai da, a ce faɗuwa ya yi. Kafin la'asar Mai-sawu ya kawo Dawuda a ɗaure. Da ya jinkirta kwana ɗaya, da na mai da shi."

Ba wanda ya dube ni. Da sun duba ya fi.

Sauran ya fito da kansa. Ya ɓoye shi cikin rumbu, yana shiga yana washi. Ya kasa rabuwa da shi, ya kasa fito da shi. Uwar ta gano wajen ɗiban hatsi, ta ɗauke ta kai Yashe.

Liman ya fara nasiha. Babba ya ɗaga hannu.

"Kabo."

"Sarki."

"Dawuda ya ce mani ni na koya mashi kada ya faɗi. Ni kau na kau da kai." Ya naɗe dutsen ya miƙo inda yake jin muryata. "Kai ka fid da shi daga gidan nan. Kai za ka kai mashi wannan. Ka ce ya zo gida kafin in mutu."

Ranar dagaci ya sa aka yi shela a gari cewa Dawuda ba ɓarawo ba ne. Mutanen da suka raka ni gida wancan karo su ne suka fi kowa cewa da ma sun sani.

* * *

Ran kasuwar Kafinsoli na tafi. Wannan karo ta gefen tsamiya na bi.

Yana aske wani falke. Ya tsufa fiye da shekarunsa. Yatsunsa biyu sun kumbura a gaɓa, aikin hanya ne. Kusa da shi wani dutsen rafi da ya goge da kansa har ya yi laushi. Na jira falken ya tashi. Na yi sallama, ya amsa, kamar yadda ake amsa wa kowa.

Na tsuguna na faɗa masa duka. Ban rage nawa ba. Na ce na ga garin bagaruwa ban tambaya ba. Na ce na ga sawu biyu na bi ɗaya. Na ce mutumin Kunduru ya zo wurina.

"Wane mutum?" in ji shi.

Har yau bai faɗa ba.

Na kwance tsumman. Ya dubi dutsen bai taɓa ba. Can ya ɗebi ruwa a tafin hannu ya zuba masa, ya ɗauki aska ya ja sau ɗaya, ya saurari ƙarar. Ya rufe ido. Ya juya bayan, ya bi hanyar da yatsa.

"Ma'aruf ne ya yi wannan?"

"Shi ne."

"Da hagu?"

"Da hagu."

"Ta miƙe. Ko Kawu bai fi haka ba." Ya wanke shi, ya naɗe, ya ajiye a gabana. "Mai da ma Kawu. Ka ce a ba Ma'aruf, a bar shi ya yi aski da hannunsa. Wanda bai so ya tafi da gashinsa."

"Ya ce ka zo gida."

"Zan zo in gaishe shi. Shi ya riƙe ni. Amma ba tare da kai ba."

Ya juya yana jera askakensa. Ba kowa a tabarmar aski. Ban iya roƙo ba, ban taɓa yi ba. Abu ɗaya na sani. A Kusada an ce ba mai miƙa wuyansa ga askar Dawuda. Kasuwa na ci, akwai mutanenmu a ciki, suna kallo. Na cire hulata na ajiye a ƙasa. Na hau tabarmar na zauna. Na sunkuyar da kai a gabansa, na miƙa masa wuya.

Na ji yana goga aska a tafin hannu. Na jira sanyin ruwa a kaina. Na daɗe ina jira.

"Tashi, Mai-sawu," in ji shi. "Ba ni aske ka."